Keken Gagare a Bakin Teku

Duk wanda ya ci kasuwar Batsari ko ta Safana a shekarun baya, in ka ce masa Gagare mai keke, ba sai ka ƙara bayani ba. Mutumin Runka ne, dogo, baƙi, mai tsaga a kumatu, ga baki kamar ya ari na wani ya ƙara a kan nasa. Kakanninsa Maguzawa ne. Mahaifinsa, Jinjiri, da girmansa ya musulunta, amma bai ga dalilin da zai hana 'ya'yansa irin sunayen gidansu ba. Shi ya sayi keke na hannu da gyaɗar da ya noma, ya ɗora Gagare a kai tun ƙafarsa ba ta kai feda ba, ya kuma kafa masa doka biyu. Ta farko, ba a ba da aron keke. Ta biyu, keke ba ya wuce babba: in ka hango wanda ya girme ka, ka ja birki, ka sauka, ka gaishe shi har ya sallame ka, sannan ka hau.

Da wannan doka Gagare ya girma, da ita furfura ta same shi. Tafiyar da wani zai gama da hantsi, shi sai rana ta take, don tsakanin Runka da Safana tsofaffi ba sa ƙarewa. Ya yi dakon gyaɗa, ya yi na gero, ya ɗauki akuya a kwando, ya kai mai naƙuda asibiti. Da babura suka cika gari, sa'o'insa kowa ya saya, suka sa shi gaba da tsiya.

"Gagare, zamani ya wuce ya bar ka!"

"Ku dai ku yi ta shayar da naku," in ji shi. "Ni dokina iska yake sha, kuma ba a sai da ita."

Ashe maganar tana jiran ranarta ne. Shekarun wahala suka shigo. Ɓarayin daji suka hana noma, aka taƙaita hawan babur, aka yi lokacin da babu sabis ɗin waya sam, daga baya fetur ya yi tsadar da mai babur ke jingine abinsa ya tafi a ƙasa. Sai ga masu dariyar nan suna sallama a ƙofar gidansa: a kai saƙo Safana, a sayo magani a Batsari, a gaya wa wane an yi masa haihuwa. Gagare ya yi musu duka, amma fa duk wanda ya zo sai ya tuna masa zancen iska kafin ya karɓi saƙon.

A cikin shekarun nan ne ya ƙara wa kansa doka ta uku, wadda Jinjiri bai san da ita ba. Wata damina zazzaɓi ya rufe jikarsa Mubaraka, tana goye a lokacin. Ubanta Zaharaddeen, ɗan farin Gagare, ya riga ya tafi ƙasar waje koyarwa, uwarta Mahfuza ita ma tana kwance. Sai Tani, matar Gagare, ta goya yarinyar ta hau kariyar keken, suka nufi asibitin Safana. Dawa ta yi kai, hanya tsit. Can sai ya ji shi daga bayansa. Ba babur ɗaya ba, ba biyu ba, wani gurnani ne mai kauri da ƙasa ke amsawa. Bai waiwaya ba. Ya karya kan keke ya faɗa cikin dawar mutane, suka zube su uku, Tani ta toshe bakin yarinyar da tafin hannu, shi kuma ya kwanta a kansu. Ɓarayin suka wuce. Motar a-kori-kura da ke gabansu ba ta kai Safana ba ran nan. Tun daga lokacin, in Gagare ya ji babura sun taso a bayansa, hannunsa ke yanke shawara kafin kansa.

Daga baya suka bar Runka suka kama haya a Batsari. Mahfuza ta ɗauki yarinyar ta bi mijinta. Tani ta yi 'yar gajeruwar jinya, Allah ya karɓi abarsa. Gagare ya zauna a ɗakin haya daga shi sai keke, gona tana can ba damar zuwa. Zaharaddeen ya yi ta roƙonsa a waya ya zo Tailan ya zauna tare da su.

"Ina? Ƙasar da shinkafa ke hitowa? Mi zan yi can, in zamna ina kallon bango?"

Da dabara ta ƙare wa Zaharaddeen sai ya miƙa wa Mubaraka wayar. Ta isa shiga makaranta, ga baki irin na kakanta.

"Tsoho, Abba na zuwa aiki, Mama na zuwa karatu, ni ba ni da mai kai ni makaranta. In ba ka zo ba, wallahi na sake miji."

"Ke amarya! Ni za ki yi wa sakiyar da ba ruwa?"

Nan aka gama da shi. Ya rataye kekensa a ɗakin ƙaninsa Mani, ya ja masa kunne cewa ajiya ce ba aro ba, ya kwance ƙararrawar ya jefa a aljihu, ya hau jirgi.

Garin sunansa Songkhla, yana bakin teku. A can Zaharaddeen ke koyar da lissafi a wata makarantar Musulmi. Ya saya wa uban keke mai giya da ɗan kujera a baya, Gagare ya kewaya shi, ya matsa tayoyin, ya ce ba laifi, ko da yake ƙarfen bai kai na da ba. Ya ɗaura ƙararrawar Runka a kai. Wai a ƙasar hannun hagu ake bi, aka yi ta tsorata shi da wannan. Ya ce wanda ya bi burtalin shanu da buhun gero biyu, hagu da dama ne za su gagare shi? Kafin mako ya zagayo ya fi ɗansa sanin lungunan unguwar.

Abin da ya fi burge shi, hanyar keke. A bakin tekun, ƙarƙashin wasu dogayen itatuwa masu ganye kamar gashi, an ware wa keke hanyarsa shi kaɗai, an shafa mata fenti, har da hoton keke a ƙasa don kada wani ya ce bai sani ba. Ranar da ya fara gani sai da ya sauka ya shafa hoton da hannu. Shekara da shekaru mota na tura shi cikin ƙaya, babur na watsa masa ruwa, ashe akwai inda aka san darajar mai keke! A gidan mai kuma ga famfo, ka sha iskarka kyauta. In ya kira Mani a waya da wannan yake farawa: "Ban gaya maku ba a sai da ita ba?"

Amma kada ka ɗauka ya yabe su duka. Gagare ne fa. Murfin kwatocinsu na ƙarfe ne, an shimfiɗa wasu a tsaye yadda taya ke zurmawa, ya ce wanda ya yi wannan aiki bai taɓa hawa keke ba. Masu motoci na ajiye abinsu a kan hanyar keken, ya ce ashe rashin ta-ido ba ƙasar da bai je ba. Karnukan gari suna kwanciya a tsakiyar hanya kamar sun biya haya. Miyarsu kuwa sukari a ciki, ya ce wannan sai dai a yi musu addu'a.

Kullum da sassafe zai sa wa Mubaraka hular kwano, ya ɗora ta, su bi bakin teku. Babura na wucewa can kan titi, jifa-jifa, ƙanana masu siririyar murya, ba su dame shi ba. A mahaɗar da suke barin teku akwai wani dattijo Musulmi mai shayi da wata irin gurasa da ake soyawa a faranti. Sunansa Usen, Gagare ya gyara masa shi ya koma Usaini. Ya girmi Gagare nesa ba kusa ba, saboda haka kullum sai an ja birki, an sauka, an yi sallama. Gagare ya tambayi gida da iyali da gajiya da Hausa, dattijon ya amsa da yarensu yana dariya, ba mai jin wani, kuma ba wanda ya taɓa jin an rage shi da komai. Mubaraka kan ja rigarsa ta ce, "Tsoho, za mu makara!" Shi kuma ya ce makaranta ba ta gudu.

Wannan kai yarinya da ɗauko ta shi ne dukan aikinsa a ƙasar, kuma shi ne dalilin da ya sa yake cin tuwon gidan ɗansa ba tare da ya ji nauyi ba.

Da damina ta kankama, teku ta yi fushi ta kwaso yashi ta rufe hanyar keken, har ta ci wani gefe. Hukuma ta sa shinge, aka ce masu keke su bi babban titi kafin a gyara. Shi ma yana da 'yar hanyar keke a gefe, layi kawai aka ja. Ran nan ruwa ya tsare su, suka fita a makare, daidai lokacin da ma'aikatan kamfanin kifi da 'yan makaranta ke fitowa. Sun wuce danja kaɗan, gefen hanya ga wani fili mai doguwar ciyawa. Danjar ta tara babura ta tara, sannan ta sake su gaba ɗaya a bayansa.

Gurnanin nan ne. Shi ne sak.

Gagare bai san lokacin da ya karya kan keken ba. Suka tsallake layi, suka gangara cikin ciyawa, suka zube a taɓo. Ya fizgo yarinyar, ya toshe mata baki, ya kwanta a kanta yana salati. Baburan suka tsaya. Da ya ɗaga kai sai ya ga mutane sun kewaye shi, mata na ihu, wani ya ɗauko sanda. Ka duba abin da idonsu ya gani: ƙaton baƙo ya danne 'yar makaranta a cikin ciyawa, hannunsa a bakinta. Ba don Mubaraka ta ƙanƙame shi tana kuka tana faɗa musu da yarensu cewa kakanta ne ba, da labarin ya sha bamban. Duk da haka sai da 'yan sanda suka zo, sai da aka kira Zaharaddeen daga aji ya zo ya yi ta bayani yana ba da haƙuri. Gwiwar hannun yarinyar ta ɗaye, aka ɗaure mata da bandeji.

Da la'asar Zaharaddeen ya durƙusa a gaban uban, kansa a ƙasa.

"Baba, na san abin da ya sa. Da wannan hannun ka tsirar da ita a hanyar Safana, ban manta ba. Amma nan in ka kauce haka, wata rana ƙarƙashin mota za ku faɗa. Za a riƙa kai ta a motar makaranta. Ka huta, don Allah."

Gagare ba ya kiran sunan ɗan fari, balle ya yi jayayya da shi a gaban suruka. Ya dubi bango ya ce, "Kai, ni ban yi kuskure ba. Abin da ya kamata na yi."

"A can, Baba. A can ne ya kamata."

Zaharaddeen ya sa wa keken kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu. Mahfuza ta ajiye abinci ta fice da sauri, don kada ta ga fuskar surukinta.

Abin ya ci Gagare ƙwarai, ba ƙarya. Ba ciwon faɗuwar ba, a'a. Mutumin da gari guda ya dogara da ƙafarsa, yau an ce bai isa ya kai jikarsa makaranta ba. Da safe yana ji motar makaranta za ta yi ham, yarinyar ta leƙo ta ce, "Tsoho, na tafi," ba tsiya, ba zolaya. Wannan ladabin nata ya fi komai yi masa zafi. Ya fara cewa a nema masa jirgi, gara ya koma Batsari ya zauna kusa da kabarin Tani. Ga kallon bangon da ya guda tun farko ya same shi.

Zaman ɗaki ya ishe shi, wata safiya ya taka a ƙasa har wurin Usaini. Rumfar tana daf da danjar nan. Ya yi sallama, ya zauna, an zuba masa shayi ke nan sai fitila ta sauya, babura suka taso. Kafin ka ce kwabo Gagare ya kifar da kofin, ya yi bayan rumfa ya duƙa. Dattijon bai yi dariya ba. Ashe labari ya riga ya zo masa. Ya taso a hankali, ya kama wuyan hannun Gagare, ya dawo da shi kan benci, ya ƙi saki. Ya nuna masa fitilar. Ta yi ja, babura suka taru. Ta yi kore, suka taso. Gagare ya yunƙura, tsohon ya ƙara matse hannun, ya ɗaga ɗaya hannun nasa yana gaida masu wucewa. Wata ta gyaɗa masa kai. Wani ya danna ham. Usaini ya nuna wata mai shuɗin mayafi, ya bugi ƙirjinsa, alamar 'yarsa ce.

Sai a lokacin Gagare ya lura da wani abu da ya ba shi mamaki. Rabon da ya dubi fuskar mai babur a cikin ayari tun kafin ranar dawar nan. Kunnensa kawai ke aiki, ido na ƙasa. Yanzu da aka tilasta masa kallo, me zai gani? Mace da tukunyar gas a tsakanin ƙafafu. Ma'aikaciyar asibiti da fararen kaya. Wani mai ƙiba da kwandon kifi yana hamma. Yara biyu da jakar makaranta suna faɗa a kan biredi. Ya ce a ransa, "Kai Gagare, waɗanga ne suka jefa ka cikin taɓo?"

Ya koma washegari, ya sake komawa. Amma da yake ba mai yaudarar kansa ba ne, ya gane abu guda: idonsa ya yarda, jikinsa bai yarda ba. Ko yaushe gurnanin ya taso, sai hannun ya motsa. Hana shi motsi ba zai yiwu ba. To, in dole sai ya yi wani abu, ai akwai aikin da ya iya tun kafin ya san ɓarayin daji, aikin da Jinjiri ya koya masa da bulala. Doka ta biyu ta girmi ta uku.

Ranar wata Asabar ya ce da ɗansa, yana kallon gefe, "Kai, buɗe mani keken nan. Ka biyo ni a baya ka gani. In na sake shiga ciyawa, ka sai mani tikiti, ba ni ƙara magana."

Zaharaddeen ya so ya ce a gwada ba yarinyar. Mubaraka kuwa har ta sa hular kwanonta ta haye kujera, ta ce ita ba wanda ya isa ya raba ta da mijinta. Mahfuza ta daɗe tana duban bandejin da ke hannun 'yarta, sannan ta ce a hankali, "A bar su su je." Ita ma ba ta manta wanda ya kai mata 'ya asibitin Safana ba.

Suka hau babban titi, Gagare a gaba, ɗansa a kan babur a baya. Suka wuce rumfar Usaini, aka sauka aka gaisa kamar kullum. Suka wuce danja. Ga filin, ga doguwar ciyawar, har wurin da suka kwanta bai gama tashi ba. Fitila ta saki babura.

Gurnanin ya cika masa kunne, ya ji ƙamshin dawa jiƙaƙƙiya kamar yana cikinta. Hannun ya motsa. Amma maimakon ya karya kan keke, sai ya damƙe birki. Keken ya tsaya cak a cikin layinsa. Gagare ya sauka, ya riƙe kan da hannu ɗaya, ya juyo ya fuskance su, ya ɗaga ɗaya hannun sama.

"Sannunku! Sannunku da hanya! A sauka lahiya!"

Suka yi ta wucewa ta gefensa, wasu na kallon mamaki, wasu na murmushi. Mai shuɗin mayafi ta gane shi ta danna ham. Can a ƙarshen ayarin ga wani dattijo yana tuƙi a hankali, tsohuwarsa a baya ta zauna a karkace, ta rungume jariri a ƙirji. Gagare ya bi su da ido har suka sha kwana. Kewar Tani ta taso masa, bai kuwa ɓoye ba, ya sa hannun riga ya share ido a gaban kowa.

Zaharaddeen ya tsaya a bayansu. Ya ga hannun da ke sama, ya kuma ga ƙafafun wandon uban suna kaɗawa. Ya sauko, ya zaro makullin daga aljihu, ya durƙusa, ya miƙa da hannu biyu.

Mubaraka ta leƙo daga kujerarta.

"Tsoho, ƙafarka rawa take yi."

"Ƙafa ce, amarya, ba ni ba," in ji Gagare. Ya jefa makullin a aljihu, ya ɗora ƙafar a kan feda tana rawarta, ya kaɗa ƙararrawar Runka. "Riƙe ni da kyau. Jibi akwai makaranta, kuma ni ka kai ki."